Mabuɗin Fasto: Ina Iyakar Ɗaurewa da Kwancewa?

A Korgom, in ka ce an ɗaure mutum, sai an tambaye ka wane irin ɗauri. Akwai na alƙali, mai kai mutum gidan kaso. Akwai na liman da waliyyai, wanda ake yi da goro da fatiha. Akwai kuma wanda ake faɗi da murya ƙasa-ƙasa, na boka, in aka ce an ɗaure wa wane baki ko an ɗaure masa kasuwa. Kiristoci suna da na huɗu, wanda suke kira ikon ɗaurewa da kwancewa. Da yake kalmar ta zo ta iske waɗancan ukun zaune a kunnen Bahaushe, sau da yawa akan ɗora mata kayan da ba nata ba.

Kiristoci tsiraru ne a ƙasar Tasawa da Mayahi, kamar sauran jihar Maraɗi, amma ba baƙi ba ne. Mishan ɗin SIM ya sauka Damagaram a 1924, ya kafa tasha a Tsibiri kafin shekarun 1920 su ƙare, ya buɗe asibitin Galmi a 1950, daga baya na kutare a Danja, ga kuma makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agye wadda ta yaye fastocin karkara da dama. Daga wannan aiki ikilisiyar EERN ta fito, daidai lokacin samun 'yancin kai. 'Yan Katolika kuwa sun sami dayosis ɗin Maraɗi a 2001, da Bishop Ambroise Ouédraogo a matsayin shugabanta na farko. Saboda haka maganar ikon fasto ko fada ta shafi maƙwabcinka, wataƙila ma ɗan wanka.

Asalin maganar yana cikin Linjilar Matiyu. A sura 16 aya 19 Yesu ya yi wa almajirinsa Bitrus alkawarin mabuɗan mulkin sama, tare da cewa ɗaurinsa da kwancewarsa a duniya za su dace da na sama. A sura 18 aya 18 ya maimaita wannan ga almajiran gaba ɗaya. Yahaya 20:23 ta ƙara da batun yafe zunubi da riƙe shi. Yahudawan da suka fara jin maganar ba su ji wani abin mamaki a kalmomin ba, domin yaren malamansu ne na yau da kullum: ɗaurewa ita ce haramtawa, kwancewa ita ce halattawa. Almajiran malam Shammai su ɗaure wani abu, na malam Hillel su kwance shi. Wanda ya taɓa zama gaban malami yana neman fatawa ya san irin wannan aiki. Malamin bai ƙago shari'a ba, ya duba wadda ke akwai ne ya ce ga inda matsalarka ta faɗa.

Shi ma mabuɗin yana da tarihi. A Ishaya sura 22 an ba wani Eliyakim mabuɗin gidan sarki Dawuda, bayan an tsige Shebna da ke riƙe da muƙamin saboda ya ɗauki kansa da girma. Mai riƙe mabuɗi wakili ne. Duk gidan da ake ajiye hatsi an san wannan: yaron da aka ba amanar rumbu yana buɗewa yana rufewa, amma gero na maigida ne, kuma ranar da ya fara awo da ƙwaryar kansa za a karɓe amanar.

Daga nan ɗariƙu suka rabu. Katolika sun ce mabuɗan Bitrus sun gangaro ga Fafaroma da bishop-bishop, fada kuma yana kwance mai tuba in ya zo ya furta zunubinsa. Furotesta, irin su EERN da ECWA ta Najeriya, sun fi jingina da sura 18, suna cewa ikon na taron ikilisiya ne, fasto da dattawa suna zartarwa a madadinta. Majami'un Fentikos, da suka yawaita a Maraɗi tun shekarun 1990, sukan kai kalmar fagen addu'a, a ɗaure Shaiɗan da aljannu, a kwance mara lafiya, suna dogara da misalin ɗaure ƙaƙƙarfan mutum da ke Matiyu 12:29. Duk da wannan saɓani, babu ɗariƙar da koyarwarta ta ce Allah yana jiran sa hannun wani shugaba kafin ya yi hukunci.

Wani masanin ƙarni na huɗu, Jerome, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya yi wa shugabannin zamaninsa faɗa a kan ayar mabuɗan. Ya ce wasu sun karanta ta da girman kai, har suna zaton za su iya hukunta mara laifi su wanke mai laifi. Sai ya kawo misalin firist na Tsohon Alkawari da kuturu: firist yana duba fata ya shaida ko akwai cutar ko babu, amma bakinsa ba ya sa kuturta, ba ya kuma cire ta. Mutanen Maraɗi ba sa bukatar dogon sharhi a nan. Likitan Danja in ya yi kuskure ya ce lafiyayye kuturu ne, takardarsa ba za ta cinye yatsun mutumin ba. Wasu masana Girkanci ma suna ganin sigar fi'ilin ayar tana nuna cewa abin ya riga ya ɗauru a sama kafin a furta shi a ƙasa, ko da yake ba duka suka yarda da wannan karatu ba.

Ko a Katolika, inda ikon ya fi taruwa a hannu ɗaya, an rubuta iyakokinsa baƙi da fari. Kwancewar fada ba ta aiki a kan wanda bai yi nadama ba. Abin da ya ji wurin furta zunubi ba shi da izinin faɗa wa kowa, ko bishop ko alƙali. Fafaroma da kansa ba zai iya raba auren Kiristoci biyu da aka ɗaura daidai aka kuma tare ba. Sarki Henry na 8 na Ingila ya nemi Fafaroma Clement na 7 ya soke aurensa bai samu ba, har ya janye ƙasarsa daga Roma a 1534. Sa'ad da kuma aka mai da kwancewa haja, ana karɓar kuɗi a ba da takardar rangwamen horon zunubi, Martin Luther ya tashi a 1517. An kore shi daga cocin a 1521, amma a 1567 Fafaroma Pius na 5 ya hana haɗa irin wannan rangwame da kuɗi. Kotun coci ce ta yanke wa Jeanne d'Arc ta Faransa hukunci aka ƙone ta a 1431, wata kotun coci ta soke hukuncin a 1456, aka kuma sa ta cikin tsarkaka a 1920. Da ɗaurin farko ya ɗaure sama, ai da na biyun bai sami abin kwancewa ba.

A ƙauyukanmu abin da ake gani da ido shi ne horo. Yarinya ta yi ciki ba aure, ko magidanci ya ƙaro mata, ko ma'aji ya taɓa baiko, sai dattawa su zauna, a sanar ranar Lahadi cewa wane yana ƙarƙashin horo. Ba zai ci Jibin Ubangiji ba, ba zai yi waƙa a ƙungiya ba, a wasu wurare har kujerar baya ake nuna masa na wasu watanni. Wannan yana cikin ikonsu, amma da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan suna nan a ayoyin da suka zo kafin maganar ɗaurewar. Matiyu 18 ta tsara cewa a fara samun mai laifi shi kaɗai, in ya ƙi ji a koma da mutum ɗaya ko biyu, sai in ya ƙi nan ma a kai gaban taro. Fasto da ya tsallake matakan nan ya ambaci sunan mutum daga bagade don jita-jitar da matarsa ta jiyo a bakin rijiya, ya karya ƙa'idar da yake tinƙaho da ita. Manufar horon kuma maido da mutum ce. Manzo Bulus da ya umarci Korintiyawa su fitar da wani mazinaci, shi ne a wasiƙarsa ta biyu ya roƙe su su yafe wa wanda suka hora, kada baƙin ciki ya cinye shi. A ganina, inda aka fi zamewa shi ne wajen awo: ciki yana fitowa fili, don haka yarinya ke zaman kujerar baya, wanda ya yi mata kuwa yana gaba yana kaɗa ganga.

Batun mata biyu shi ya fi nuna cewa hukuncin shugabanni na iya sauyawa. Mishan na farko, a nan da sauran Afirka, sun ƙi yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma sai ya sallami sauran. A ƙasar da zama da kishiya ba abin kunya ba ne, wannan ya tsayar da magidanta da yawa a bakin ƙofa, ya kuma jefa wa matan da aka sallama tambayar da ba wanda ya amsa: ina za su da 'ya'yansu? Taron bishop-bishop na Angalika a Lambeth, ɗariƙar da ta kafa Wusasa kusa da Zariya, ya ɗaure wannan magana a 1888. Taron 1988 ya kwance ta, ya yarda a yi wa irin wannan mutum baftisma da iyalinsa muddin ba zai ƙara aure ba. Littafin bai sauya ba a cikin shekara ɗarin nan. Masu karatunsa ne suka sake dubawa, wasu ɗariƙun kuma har yau suna kan ra'ayin farko.

Shi kansa shugaba ba ya fin ƙarfin horo. Bulus ya tsawata wa Bitrus, mai mabuɗan, a gaban jama'a a Antakiya, don ya daina cin abinci da waɗanda ba Yahudawa ba. Wasiƙar farko zuwa ga Timoti ta yarda a karɓi ƙara a kan dattijo in akwai shaidu biyu ko uku. Wasiƙar Yahaya ta uku ta kama sunan wani Diyotarifis, mai son shugabanci, wanda ke korar mutane daga ikilisiya don sun karɓi baƙin da shi ba ya so. Fasto da ya ce zai ɗaure cinikinka ko haihuwarka don ba ka kawo zakka ba, ya bar Matiyu ya shiga sana'ar boka.

Sai iyakar da hukuma ta shata. Ikon ikilisiya yana tsayawa a kan abin da ke nata: baftisma, Jibin Ubangiji, muƙami, albarkar aure. Rikicin gona a Korgom na mai gari ne da sarki, in sulhu ya gagara a tafi gaban alƙali a Tasawa. Dattawa ba su da hurumin ƙwace gado, ko dukan mutum, ko kulle shi a ɗaki. Wanda kuma yake ganin an zalunce shi a horo yana iya kai kuka majalisar da ke sama da fastonsa, domin ɗariƙu masu tsari suna da ita.

Akwai wata iyakar da ba a rubuta ba. Wajen ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 rikicin shugabanci ya tsaga EERN, aka sami ikilisiyar UEEPN da ta Salama, sannan sababbin majami'u suka yi ta buɗewa. Tun daga nan, a birni kamar Maraɗi, wanda aka hana Jibi a wannan unguwa yana iya hawa kabu-kabu ya je wata a karɓe shi da tafi. A ƙauye ba haka ba ne. Inda Kiristocin duka ba su wuce gida biyar ba, majami'a ta gaba kuma sai an yi tafiyar rabin yini a amalanke, wanda aka sa a kujerar baya a nan zai zauna har dattawa su kira shi.