Kuɗin Rajista da Inshora a Wasan Hoki na Ƙanƙara na Manya: Misali daga Amurka da Kanada

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu bayyana dangantakar da ke tsakanin kuɗin rajista da inshora a wasan hoki na ƙanƙara, musamman ga manya masu yin wasan don nishaɗi da motsa jiki, watau waɗanda ba sana'arsu ba ce. Mun zaɓi Amurka da Kanada saboda a can ne wannan wasa ya yi ƙarfi, har ma'aikata da 'yan kasuwa sukan taru da dare su yi shi bayan an tashi daga aiki. Tambayar da za mu yi ƙoƙarin amsawa ita ce: idan mutum ya biya kuɗin rajista, me ya saya, kuma me bai saya ba?

2.0 Yanayin Wasan da Haɗarinsa

Ana yin wasan ne a kan filin ƙanƙara mai tsawon ƙafa 200 da faɗin ƙafa 85, kowane ɓangare da mutum 6 har da mai tsaron gida. 'Yan wasa suna sanye da takalmi mai kaifin ƙarfe a ƙasa, suna kora wani faifan roba mai tauri, wanda nauyinsa ya kai kusan giram 170, da sanda. A yawancin gasannin manya an hana bangazar abokin hamayya da gangan. Duk da haka karaya, da zubewar haƙora, da buguwar kai ba baƙin abu ba ne. A watan Oktoba na 2023 wani ƙwararren ɗan wasa, Adam Johnson, ya rasu a Ingila bayan kaifin takalmi ya yanke shi a wuya. Daga watan Agusta na 2024 hukumar wasan ta Amurka ta wajabta wa yara sanya makarin wuya, ga manya kuwa shawara ta bayar.

3.0 Kuɗi Iri Biyu

Wajibi ne mu rarrabe kuɗi iri biyu, domin sabon ɗan wasa yakan ɗauka abu ɗaya ne. Na farko shi ne kuɗin gasa, wanda ake biyan masu shirya gasar, su kuma su biya hayar fili da ladan alƙalan wasa da mai rubuta sakamako. Wannan shi ne mafi tsoka, saboda riƙe ƙanƙara a daskare yana cin wutar lantarki ainun. Na biyu shi ne kuɗin rajista da hukumar ƙasa, wanda bai kai na farko ba, kuma a cikinsa ne inshora take.

A Amurka hukumar ita ce USA Hockey, wadda aka kafa a 1937, ta kuma ɗauki wannan suna a 1991. Shekarar rajistarta tana farawa ran 1 ga Satumba, ta ƙare ran 31 ga Agusta. Ɗan wasa yakan yi rajista ta intanet sau ɗaya a shekara, a ba shi lambar shaida, sa'an nan ya miƙa ta ga duk gasar da ke ƙarƙashin hukumar. A Kanada akwai Hockey Canada, wadda ta sami siffarta ta yanzu a 1994 bayan haɗewar hukumomi biyu, akwai kuma CARHA Hockey, wadda ta keɓanta da manya masu wasan nishaɗi.

4.0 Abin da Inshorar ta Ƙunsa

Inshorar USA Hockey tana da manyan sassa uku. Na ɗaya, kuɗin maganin raunin da aka samu ta hanyar haɗari. Na biyu, tallafin mummunan rauni, kamar karyewar ƙashin baya da ke shanye jiki. Na uku, kariya idan aka kai ƙara kotu ana neman diyya.

Sashe na ɗaya ne ya fi rikita mutane. Wannan inshora cike-gurbi ce, watau sai inshorar lafiyar mutum ta kansa ta fara biya, sa'an nan ta hukumar ta duba abin da ya rage. Har ila yau akwai wani adadi da mai rauni zai fitar daga aljihunsa tukuna, akwai kuma iyakar da ba a wucewa. A Amurka, inda babu tsarin lafiya na gwamnati da ya game kowa, wanda ya jingina da ita kaɗai yana iya tashi da bashin asibiti mai nauyi. A Kanada kuwa gwamnatocin larduna suna ɗaukar nauyin likita da asibiti, amma galibi ba su ɗaukar aikin haƙori na manya, don haka gyaran haƙori yana daga cikin abubuwan da ɗan wasa ya fi dubawa a takardar inshora.

Sharaɗi na biyu shi ne, kariyar tana aiki ne a wasa ko atisayen da hukumar ta amince da shi. Idan abokai suka yi hayar fili da kansu suka yi wasa, rajistarsu ba ta bi su can ba. Bugu da ƙari, inshorar haɗari ta bambanta da inshorar cuta. Wanda ya manyanta, kuma yake tsoron bugun zuciya a fili, ya kamata ya karanta sharuɗɗan da kyau kafin ya ɗauka an rufe shi.

5.0 Ina Kuɗin Yake Tafiya?

Abin da ya faru a Kanada a 2022 ya nuna muhimmancin wannan tambaya. A watan Yuli na shekarar jaridar Globe and Mail ta bayyana cewa Hockey Canada tana da wani asusu da ake zuba masa wani kaso na kuɗin rajistar 'yan wasa, ana amfani da shi wajen biyan abubuwan da inshora ba ta ɗauka ba, ciki har da sasanta ƙararrakin zargin cin zarafi na lalata. Jami'an hukumar sun shaida wa kwamitin majalisar ƙasar cewa tun daga 1989 an fitar da dalar Kanada miliyan 7.6 daga asusun don sasanta irin waɗannan ƙararraki guda 9. Iyaye da 'yan wasa masu biya ba su san da haka ba. A watan Oktoba reshen lardin Kebek ya ce zai riƙe dala 3 da yake turawa hukumar a kan kowane ɗan wasa, kuma a cikin watan nan shugaban gudanarwa ya sauka, 'yan kwamitin amintattu suka amince su ajiye muƙamansu.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata mun ga cewa kuɗin rajista yana sayen kariya mai sharaɗi da iyaka, kuma amfaninta ya dogara ne ga inshorar da mutum yake da ita tun farko. Saboda haka muna ba malamai masu koyar da sha'anin gudanar da wasanni shawara su horar da ɗalibansu a kan tambayoyi huɗu kafin karɓa ko biyan kowane kuɗin rajista: wa zai fara biya idan an ji rauni, nawa mai rauni zai fitar da kansa, a wane wasa ne kariyar take aiki, kuma wa yake binciken asusun ya sanar da masu biya?