Koyon Zayyana Ta Bin Hannun Gwani

A gidan Lubur na birnin Faris, tun 1793, mai koyon zane da fentin mai yakan kafa allonsa gaban aikin wani gwanin dā, ya yi ta kwaikwayo har hannunsa ya faɗa. Fentin mai ba ya saurin bushewa, saboda haka in ya kuskure sai ya goge ya sake.

To, almajirin Kebbe ko Tambuwal mai koyon zayyanar Alƙur'ani shi ma hanyarsa ke nan, illa dai ba ya suranta mai rai, kuma tasa ta fi tsanani. Yakan shimfiɗa rubutun malaminsa a gabansa, ya bi shi ƙwayar harafi bayan ƙwayar harafi: baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da rawaya, sa'an nan zanen hizbi da rubu'i da sumuni. Takarda kuwa ba allo ba ce, ba ta wankuwa. Ɗigo guda kan ɓata warka.

Yau bugun inji ya cika kasuwa, ga araha. Yaran da ke jure wannan zama sun ƙaranta ƙwarai.