Gargaɗi Ga Iyaye Kafin Su Miƙa Yaro Ga Sana'ar Fim

Tun da salula mai hoto ta shiga hannun kowa, har ya zamana ba a rasa ta a rumfunan kasuwa da majalisun samari da ɗakunan amare na Kurni ta ƙasar Kance a Nijar da ƙauyukan da ke kewaye da ita, wata sha'awa ta tsiro a zukatan yara wadda kakanninsu ba su san irinta ba, wato sha'awar a gan su cikin fim, a san sunansu daga Damagaram har Kano. Da abin ya tsaya ga yara kaɗai, da sai a ce ƙuruciya ce, za ta wuce. Amma sai ga shi waɗansu iyaye ma sun fara lissafi, in suka ga 'yarsu tana da fara'a da zaƙin baki, ko ɗansu ya iya kwaikwayon muryar tsofaffi har jama'a na riƙe ciki, sai su ce ai arziki ne Allah ya saukar musu har gida. Hanya kuwa a buɗe take: daga Matamaye a bi ta Ɗan Barto a ƙetare iyaka, a wuce Daura da Kazaure, kafin faɗuwar rana an shiga Kano, wadda ta zama cibiyar fina-finan Hausa tun daga 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya. Saboda haka ya wajaba a zauna a dubi al'amarin da idon basira tun ba a ɗaure wa yaro ƙunshin kayansa ba.

Wadda aka fi kafa hujja da ita in ana wannan zance ita ce Maryam Booth, kuma babu laifi mu bi tarihinta daki-daki, domin a cikinsa akwai abin da masu kafa hujjar ba su lura da shi ba. Sunanta na yanka Maryam Ado Muhammad, an haife ta a Kano a watan Oktoba na 1993, ta fara fitowa a fim tana da shekara takwas, a matsayin 'yar ƙaramar yarinyar da akan aika ko a rungume a yi kuka. Da ta kai wajen shekara goma sha biyar sai fim ɗin Dijangala ya fito a 2008, sunan fim ɗin ya bi ta har waɗansu suka manta da nata, ta tashi daga sahun yara ta shiga sahun jarumai mata waɗanda ake sayen fim saboda su. Bayan shekara goma sha biyu kuma, a 2020, ta fito a The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, fim ɗin da ya yi magana a kan 'yan matan da masu tayar da ƙayar baya suke sacewa, ta sami lambar yabo ta AMAA ta gwarzuwar mataimakiyar jaruma a Afirka, Nijeriya kuma ta zaɓi fim ɗin ya wakilce ta a gasar Oscar ta Amurka. Wannan ɗaukaka ce ta haƙiƙa, wanda duk ya ƙi faɗar haka bai yi adalci ba.

To, amma wa ya kai ta wurin ɗaukar fim ranar farko? Mahaifiyarta ce, Hajiya Zainab Booth, Allah ya jiƙanta, wadda ta rasu a watan Yuli na 2021 bayan ta daɗe tana cikin manyan 'yan wasa mata na Kano. Ashe yarinyar ba baƙuwa ba ce a wurin: uwarta ta san kowane furodusa da halinsa, ta san darakta mai amana da wanda ba a bar masa yarinya, ta san nawa ake sallamar mutum, in an tashi kuma gida ɗaya za su koma su ci tuwo. Ƙanenta Amude ma ta wannan ƙofa ya shiga. Haka Ahmad, ɗan Ali Nuhu, wanda ya yi suna yana ƙarami, a gaban idon mahaifinsa ya yi dukan abin da ya yi. Waɗannan 'ya'yan gida ne, sana'ar gidansu suka tarar, kamar yadda ɗan maƙeri yake tasowa a bakin maƙera ubansa na tsare shi daga tartsatsi. Yarinyar da za ta taso daga Kurni da lambar wayar wani wanda ba a taɓa gani ba, ta sauka a tasha cikin birnin da ba ta da uwa ba ta da kawu, ba za a yi mata ƙiyasi da Maryam Booth ba, ko da ta fi ta kyau da hazaƙa. Ba cewa ake ɗan Nijar ba ya cin nasara a can ba, ga Fati Nijar mutuniyar Maraɗi muryarta ta cika fina-finai. Magana ake a kan yaro wanda bai mallaki hankalin kansa ba.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne asalin kwaɗayin. Mai kallo yakan ga gidan bene da mota da leshi a cikin fim ya zaci na jaruma ne, alhali kuwa galibi aro ne ko haya, ana gama ɗauka ake mayar wa mai shi. A farkon 2022 tsohuwar 'yar wasa Ladin Cima, wadda ta yi shekaru da dama tana fitowa tun zamanin wasannin talbijin, ta faɗa wa Sashen Hausa na BBC cewa akan sallame ta da naira dubu biyu zuwa dubu biyar. Waɗansu masu shirya fim suka fito suka musanta, suka ce sun ba ta fiye da haka, aka yi ta ka-ce-na-ce. Ko wace magana mutum ya ɗauka cikin biyun, abu guda ya bayyana, shi ne sallama a wannan sana'a ba ta da ƙayyadadden ma'auni, sai yadda mai fim ya ga dama da kuma yadda ɗan wasa ya iya tsayawa wa kansa. In dattijuwa da duniya ta sani tana wannan kuka, ina ga ɗan shekara goma wanda in aka saya masa lemo da biskit zai yi godiya?

Mu ɗauka ma yaron ya dace, kuɗi sun shigo da yawa; a nan ne wata fitina take farawa, wadda ta fi ta farko muni domin daga cikin gida take fitowa. A Amurka an yi wani yaro, Jackie Coogan, haifaffen 1914, wanda ya fito tare da Charlie Chaplin a fim ɗin The Kid a 1921, ya zama yaron da ya fi kowane yaro shuhura a duniya a zamaninsa, har aka ƙiyasta abin da ya samu kafin ya balaga da dala miliyan uku zuwa huɗu. Mahaifinsa ya rasu a haɗarin mota a 1935, uwarsa ta auri mutumin da yake kula da dukiyar, da saurayin ya cika shekara ashirin da ɗaya ya nemi haƙƙinsa sai ya tarar an kusa cinye ta a motoci da tufafi da lu'ulu'u. Ya kai uwarsa da mijinta ƙara a 1938, bayan an gama shari'a abin da ya shiga hannunsa bai wuce dala 126,000 ba, domin dokar Jihar Kalifoniya a lokacin ta ɗauki abin da yaro ya samu a matsayin mallakar iyayensa. Kunyar wannan al'amari ce ta sa jihar ta kafa doka a 1939 wadda har yau ake kira da sunansa, aka kuma ƙarfafa ta a 2000, aka wajabta ajiye kashi 15 cikin ɗari na ladan yaro a asusun da ba mai taɓawa sai ya girma. Faransa ma tana da makamanciyarta, a 2020 kuma ta faɗaɗa ta har ta haɗa da yaran da iyayensu suke ɗaukar bidiyonsu suna sawa a intanet don neman kuɗi.

Abin da Turawa suka gano bayan an yi ɓarna, malamanmu na fiƙihu sun daɗe da rubuta shi a babin hajru, wato kange yaro daga sarrafa dukiyarsa, ana karanta shi a zaurukan ƙasar nan tun kafin a ƙirƙiro na'urar ɗaukar hoto. A shari'a yaro yana mallaka tun yana cikin zanin goyo, ko ta gado ko ta kyauta ko ta ladan aiki. Uba waliyyi ne a kan dukiyar, ba mai ita ba, tasarrufinsa a cikinta an ɗaure shi da maslahar yaron, kuma ana miƙa masa abinsa in ya balaga aka ga rushudinsa. Ciyar da ɗa kuwa, a mazhabar Malikiyya da muke bi, nauyi ne a kan uba har ɗa namiji ya balaga, 'ya mace kuma har ta tare a ɗakin mijinta. Gaskiya ne talauci yana da nasa hukunci, malamai sun yi bayanin abin da ya halatta ga iyaye mabuƙata daga dukiyar ɗansu mawadaci. Amma wannan haddi ne da ake tambayar malami a kansa, ba ƙofa ce ta ƙara aure ko sayen babur da gumin yarinya ba.

Jama'ar ƙasar Kance ba sa buƙatar a je da su Amurka kafin su san akibar mayar da yaro jari. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocin da suka ɗauko su daga Arlit sun lalace ƙishirwa ta kashe su. 52 daga cikinsu yara ne, 33 mata, kuma akasarinsu daga wannan yanki namu suka fito, sun nufi inda ake zaunar da yaro a bakin titi ya miƙa hannu. Ba mu ce fim da bara ɗaya ba ne, haram mu faɗi haka, fim sana'a ce da mutanen kirki suke ci da iyalinsu a cikinta. Amma lissafin da yake sa a cire yaro daga lakwal da makarantar allo a tura shi nesa domin ya aiko da kuɗi, lissafi guda ne, ko arewa aka nufa ko kudu.

Akwai kuma abin da sana'ar take ci a jikin yaro da lokacinsa. Ɗaukar fim ba wasan dandali ba ne da za a watse in an yi kiran sallar isha'i. Akan wuni a lokeshan ana jiran fitowa guda, a maimaita ta sau da yawa, wani lokaci har tsakar dare. Judy Garland, wadda ta yi The Wizard of Oz a 1939 tana da shekara goma sha shida, tun tana yarinya aka saba mata da ƙwayoyin hana barci da na sa barci don aiki ya tafi, ba ta rabu da su ba har ta mutu a 1969 tana da shekara arba'in da bakwai. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara goma sha huɗu ba aiki, yarjejeniya mai lamba 138 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kuma, wadda Nijar ta amince da ita, ba ta yarda yaro ya fito a wasa ba sai da izinin hukuma na musamman wanda ya ƙayyade sa'o'i da sharuɗɗa. Sa'an nan a tuna cewa abin da ake so ga yaron fim ƙuruciyarsa ce, ita kuwa ba ta zama. Ranar da murya ta buɗe, ko jiki ya canza, sai a nemo wani ƙarami, kuma waɗanda suke tsallake wannan gaɓa su zama jarumai kaɗan ne ƙwarai. Saura sukan dawo gida sun wuce shekarun aji, ba su da birbe, ba su sauke Alƙur'ani ba, gona kuma sun raina ta.

Mafi hatsari a wannan zamani su ne mayaudaran da ba su taɓa riƙe kyamara ba. Sukan buɗe shafi a Facebook ko TikTok da hoton wani fitaccen jarumi, su ce ana neman sababbin fuskoki, su nemi kuɗin fom, daga nan su ce yarinya ta turo hotunanta ta WhatsApp don a ga ko ta dace, yau da mayafi, gobe babu. Hoton da ya fita daga waya ba ya komawa, kuma da shi ake tsoratar da yarinya har ta aikata abin da ba ta so, ko a watsa shi ranar da aka sa mata rana.

Wanda duk ya ga baiwa ga ɗansa, kada ya danne ta da duka ko zagi, domin baiwar da aka danne ita ce take sa yaro ya gudu da dare. A bar shi ya yi wasan kwaikwayo a lakwal da bukukuwan ƙarshen shekara a gaban malamansa, ya ci gaba da karatunsa na boko da na addini har hankalinsa ya nuna. In kuwa wani ya zo da tayi, a tambaye shi sunan kamfaninsa da rajistarsa a Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda take aiki tun 2001, a sa ɗan'uwa mazaunin Kano ya je ya gani da idonsa. A rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, da adadin lada da kwanakin aiki, a sa su cikin hutu. Uwa ko uba ko muharrami ya tafi da yaron ya dawo da shi, kada ya kwana a hannun kowa. A ware kason yaron a saya masa tunkiya ko gona da sunansa a gaban mai gari. Wanda ya ƙi waɗannan sharuɗɗa, ko ya fara da neman kuɗi ko hoto, a kai lambarsa ga jandarma ko ofishin magajin gari. Muna roƙon limamai da masu gari da malaman lakwal na Kurni su karanta wa jama'a wannan bayani a masallatai da tarukan iyayen yara, domin da yawa daga waɗanda abin ya fi shafa ba su iya karatun boko ba.