Matse fayil na ƙara wa ma'ajiyar SSD sauri?

Idan kwamfutar ɗalibi a jami'ar Aliero ta jihar Kebbi ta cika, yana iya matse fayiloli domin samun wuri, amma ribar ta danganta da irin fayil ɗin.

Ma'ajiyar SSD na da iyakar rubutun da take ɗauka kafin ta gaji. Matse takardu na rage wannan nauyi, sai dai aikin matsewa da warwarewa na komawa kan ƙwaƙwalwar kwamfutar.

Hotunan JPEG da bidiyon MP4 kuwa a matse suke tun asali, sake matse su ɓata lokaci ne.

Shi ya sa ma'ajiyoyi masu na'urar SandForce, waɗanda suka fito a 2010 suna matse bayanai da kansu, kan rage sauri wajen rubuta hotuna da bidiyo.