Jiragen Jigilar Ma'aikata a Tashoshin Lantarki na Iska da ke Cikin Teku

Gabatarwa

A Lambar Rimi ta Jihar Katsina an kafa manyan fankoki 37 domin samar da megawat 10 na lantarki daga ƙarfin iska. Da yake a tudu suke, mota ce ke kai masu gyara gindinsu. Amma a wasu ƙasashe cikin teku ake kafa irin waɗannan fankoki, saboda iskar can ta fi ƙarfi da ɗorewa. Ƙasar Denmak ce ta fara yin haka a Vindeby a shekarar 1991, da fankoki 11. To, ta yaya ma'aikaci zai isa ga injin da ruwa ya kewaye?

Siffar Jirgin da Aikinsa

Akwai ƙananan jiragen ruwa da aka ƙera musamman domin wannan jigila. Galibi da alminiyam ake yin su, kuma ƙasansu tamkar kwalekwale biyu ne da aka haɗa gefe da gefe, domin rage tangaɗi. Yawanci sukan ɗauki ma'aikata 12 ko 24 da kayan aikinsu, su fita da safe, su dawo da yamma.

Inda aikin ya fi hatsari shi ne wurin sauka. A goshin jirgin akwai roba mai kauri. Matuƙi zai dangana ta da jikin turken fankar, ya ci gaba da ba injin wuta, har jirgin ya manne. Sannan ma'aikaci, sanye da rigar kariya daga nutsewa, ya ɗaura igiyar tsaro ya kama tsani. Idan tsayin igiyar ruwa ya wuce kimanin mita ɗaya da rabi, akasarin jiragen sukan fasa sauke mutane, ko da fankar za ta kwana a tsaye.

Idan tasha ta yi nisa, kamar Hornsea One ta Ingila mai fankoki 174, wadda ke kimanin kilomita 120 daga gaɓa, sai a yi amfani da babban jirgi mai ɗakunan kwana, inda ma'aikata kan yi mako biyu.

Darasi ga Yankinmu

Gwarzo da Kabo ba su da teku, amma suna maƙwabtaka da manyan ruwaye, irin su madatsar Challawa ta Ƙaraye da aka kammala a 1992, da ta Watari a Bagwai, inda masunta da masu fito ke neman abinci. A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgin fito da aka cika wa lodi ya kife a Watari, mutane aƙalla 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Ƙa'idojin da ake bi a teku su ne ake buƙata a nan: ƙayyade yawan fasinja, da sanya rigar kariya, da fasa tafiya idan ruwa ya ɓaci.

Kammalawa

Malamin da zai koyar da wannan batu ya fara da abin da yara suka sani, wato fito da kwalekwale da igiyar ruwa, kafin ya kai su teku. Ta haka za su fahimci sababbin kalmomi, su kuma koma gida da ilimin da zai tsare rayukansu.