Kafin iOS 27 da Android 17: abin da na jiyo a titi na 116

Bidiyon da muka saka a makon jiya minti 12 ne kacal, alhali yini guda na yi ina yawo da kyamara cikin sanyi. Abin da bai samu shiga ba shi ne na kawo muku a nan, don gaskiya ya fi abin da kuka gani muhimmanci.

Tun watan Yunin 2025 da Apple ya nuna iOS 26 da sabon fasalinsa mai suna Liquid Glass, masu sharhin wayoyi ba su daina gardama a kan abu ɗaya ba: shin maɓallai masu kama da gilashi, waɗanda ake hango abin da ke bayansu, ci gaba ne ko ado ne kawai? Rabon da Apple ya yi wa fuskar iPhone irin wannan garambawul tun iOS 7 a 2013. Shi ma Google ya fito da nasa salon, Material 3 Expressive, mai launuka da manyan siffofi masu motsi. Yanzu kowa ya zuba ido ya ga me za a gyara a zubi na gaba, musamman tunda Alan Dye, wanda ya jagoranci tsara fuskar manhajojin Apple, ya koma Meta a ƙarshen 2025.

Ni ma na yi wannan gardamar har na gaji. Sai na ce bari in je in tambayi mutanen da wayar ce shagonsu, ofishinsu, kuma hanyarsu ta jin muryar gida.

Me ya sa titi na 116

Ga wanda bai san New York ba, akwai wani yanki a unguwar Harlem da ake kira Ƙaramar Senegal. Zuciyarsa ita ce titi na 116 ta ɓangaren yamma, daga Lenox, wanda aka raɗa wa sunan Malcolm X, zuwa Frederick Douglass. Idan ka fito daga jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba 2 ko 3, Masallacin Malcolm Shabazz mai koriyar ƙubba ne zai fara tarbarka. Kusa da shi akwai kasuwar Malcolm Shabazz, inda aka mayar da 'yan tireda bayan magajin gari Rudy Giuliani ya tashe su daga titi na 125 a watan Oktoban 1994. Sunan Senegal ne ya fito, amma mu ma muna da tarihi a nan. Fataken Nijar, Hausawa da Zabarmawa, sun daɗe suna kasa kaya a Harlem, har wani masani Ba'amurke, Paul Stoller, ya wallafa littafi a kansu a 2002.

A tsawon wannan titi za ka ji Wolof, Faransanci, Fulatanci, Bambara, Zabarmanci, Hausa da Turanci, wani lokaci uku daga bakin mutum ɗaya. Idan kana son ka gwada wayar da aka tsara a Kalifoniya, ban san wurin da ya fi nan ba.

Kiran da bai shigo ba

Na fara da wani dattijo ɗan Maraɗi mai sayar da huluna da turare, wanda na saba zama a rumfarsa. Na ce, "Baba, idan masu ƙera waya suka ce ka zaɓi abu ɗaya da za su gyara maka, me za ka ce?"

Bai yi dogon tunani ba. Ya ce, "Ɗana, su bar salula ta daina tare mini mutane a ƙofa."

Ga abin da ya faru. Ɗansa ya kunna masa tsarin tace kira saboda 'yan damfara sun dame shi. Wannan tsari yana ɗaga kiran baƙuwar lamba da kansa, ya tambayi mai kira sunansa da dalilinsa, sannan ya rubuta maka amsar ka zaɓi ko za ka ɗauka. Wayoyin Pixel suna da irinsa tun 2018, iPhone ta samu nata a iOS 26. Ba zan faɗi wace iri ce a hannun Baba ba, don matsalar ba ta kamfani ɗaya ba ce. Ranar da ƙanwarsa ta kwanta a asibiti, layin gidansu babu kuɗi, sai aka ari wayar maƙwabci aka kira shi kai tsaye. Wanda ya kira ya ji muryar Baturiya tana magana, ya ɗauka lambar ce ba ta shiga ba, ya kashe. Sau uku ana haka. Sai washegari labari ya iso shi ta WhatsApp. Allah ya sa ta samu sauƙi, amma Baba ya ce daren nan bai fita ransa ba.

Kada wani ya ce to a kashe tsarin mana. Baƙin haure a Amurka su ne abincin 'yan damfarar waya, masu kira su ce daga hukumar shige da fice suke, ko daga banki. Garkuwar tana da amfani. Abin da ya rage shi ne a ba ta hankali. A iPhone zaɓi uku ne: a bar kowa ya shigo, a tambayi dalilin kira, ko a yi shiru da baƙuwar lamba. Buƙatata ta farko ga zubi mai zuwa ita ce zaɓi na huɗu: in iya cewa duk kiran da ya fara da 227 na Nijar, ko 234 na Najeriya, ko 221 na Senegal, a bar shi ya yi ƙara. Wannan ba ya buƙatar wata ƙirƙirarriyar basira, layi ɗaya ne a saiti. Idan kuma za su ƙara mana, muryar da ke tambaya ta yi magana da harshen da na zaɓa wa kowace ƙasa.

Harshe uku, allon rubutu ɗaya

Daga nan na shiga wani shagon kitso, inda wata 'yar Dakar ta nuna mini wayarta. Saƙonnin murya sun fi ƙarfin ido. Da Turancinta da ɗan Faransancina muka fahimci juna: hannunta yana kan kitso awa shida, ba ta iya sauraron saƙon kowa, kuma ba ta son sa shi a sifika a gaban kwastoma. Burinta wayar ta rubuta mata abin da aka faɗa, ta leƙa da ido.

WhatsApp ya kawo mayar da saƙon murya zuwa rubutu a watan Nuwamban 2024, amma babu Hausa ko Wolof a jerin harsunan. Fassarar kira nan take ta iOS 26 ta fara ne da Turanci, Faransanci, Jamusanci, Fotugis da Sifaniyanci, kuma sai kana da iPhone 15 Pro ko wadda ta biyo bayanta. Ko Faransancin ma, ai na Dakar da na Yamai a gauraye yake da harshen gida, jimla ɗaya rabi nan rabi can.

Adalci ne in faɗi inda aka yi ƙoƙari. Google Translate yana da Hausa tun Disamban 2013, ya ƙara Wolof a Yunin 2024. A Oktoban 2024 Google ya sanar da rubutu da murya a Gboard ga ƙarin harsunan Afirka, ciki har da Hausa. Apple ya sa allon Fulatanci na rubutun Adlam a iOS 15, ya sa na Hausa a iOS 17, don haka mai iPhone yana iya rubuta ƙ, ɗ da ɓ ba tare da sauke komai ba. Mutane da yawa ba su ma san da wannan ba. Na kunna wa mutum biyu a ranar.

Amma samun haruffa daban, fahimtar yadda muke rubutu daban. Mu ba ma rubuta harshe ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Ni kaina na taɓa rubuta wa ƙanena "zan turo gobe" a allon Turanci, wayar ta mayar da gobe ta zama globe, ya yi ta tambayata wane kamfanin aika kuɗi ne wannan. Buƙata ta biyu ke nan: allo ɗaya da zai gane Hausa, Faransanci da Turanci a jimla ɗaya, ya daina gyara abin da bai lalace ba. iOS 18 ya fara haɗa harsuna biyu a allo guda, Gboard ma ya daɗe yana haɗawa. Hanyar tana nan, saura a shigar da mu sosai.

To, gilashin fa?

Kada ku ce na kauce wa batun. A wani gidan abinci inda na zauna cin cebujen, dafa-dukar shinkafa da kifi ta 'yan Senegal, na tarar da gardamar a raye. Wani matashi ɗan Zinder da ke karatu a nan ya tsaya kai da fata cewa Liquid Glass ya yi. Ya ce, "Yaya, mutum ya biya kusan dala 1,000, ai yana da haƙƙin wayarsa ta burge shi. Su kansu masu ƙorafin nan da wata shida za su saba."

Abokinsa, mai kai abinci a kan keke mai batir, ya yi dariya. Ya ce, "Kai a aji kake kallon taka. Ni a kan hanya nake, da safar hannu, rana tana dukan gilashin, mota tana bayana. Daƙiƙa ɗaya gare ni in ga lambar gida."

Ni dai na ba mai keken gaskiya, ba don ina ƙin ado ba. Rubutun da ke zaune a kan abin da ake hango bayansa, kyansa ya dogara da abin da ke bayan. A kan hoto mai duhu ya fito ras, a kan mai haske sai ka ƙanƙance ido. Apple da kansa ya ja baya kaɗan: a iOS 26.1 na watan Nuwamban 2025 ya sa zaɓi tsakanin Clear da Tinted, na biyun yana ƙara wa gilashin kauri. Idan kana fama, shiga Settings, sai Display & Brightness, sai Liquid Glass. Idan bai ishe ka ba, akwai Reduce Transparency a ƙarƙashin Accessibility.

Abin da nake so shi ne kada a ɓoye wannan a lungu. Ranar farko da aka kunna waya, a tambayi mutum: kana son ado, ko kana son rubutu ɓaro-ɓaro? Ɗalibin ya samu gilashinsa, mai keke ya samu idonsa, Baba ma ya huta da neman tabarau. Rigimar ta mutu.

Wayar nan tana da rayuwa ta biyu

Akwai abin da masu sharhin Amurka ba sa lissafawa. A titi na 116 waya ba ta mutuwa a aljihun tebur. Idan ta shekara uku ko huɗu, sai a saka ta a jakar matafiyi, ta sauka a Yamai, ko Kano, ko Dakar, a hannun uwa ko ƙane. Saboda haka duk sabuntawar da ta sa tsohuwar waya nauyi ko shan caji, can gida ake biyan kuɗinta, inda wuta ba ta tsayawa.

iOS 26 ya tsaya a iPhone 11, ya bar XR da XS a baya, kuma waɗannan har yau suna da yawa a Farm Centre ta Kano. Google daga Pixel 8, da Samsung daga Galaxy S24, sun yi alƙawarin sabuntawa na shekara 7, abin a yaba. Amma alƙawarin shekaru ba shi ne alƙawarin sauƙi ba. Buƙata ta huɗu: tsari mara nauyi na hukuma, maɓalli ɗaya da zai kashe motsi da ƙyalli da aikin bayan fage, ya bar kira, saƙo, taswira da banki. Ku tuna Apple ya ce a yi amfani da iPhone tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Salsiyos. Janairun New York yana sauka ƙasa da haka, Afrilun Maraɗi yana haura 40. Wayarmu a gefe biyun take rayuwa.

Sai gargaɗi ga mai niyyar aikawa: duk iPhone da aka sayar a Amurka daga 14 zuwa sama ba ta da ramin sim, eSIM kawai take ɗauka. MTN a Najeriya ya fara bayar da eSIM tun 2020, amma kafin ka sa waya a jaka, ka sa a tambayi kamfanin layin wanda za ka aika wa, a garinsu. Na ga wayar da ta yi wata biyu a gida tana aikin kallon bidiyo kawai.

Ƙaramar buƙata ta ƙarshe

Wannan tawa ce. Tsakanin New York da Kano ko Yamai awa 6 ne a lokacin sanyi, awa 5 idan Amurka ta tura agogonta gaba a watan Maris. Da Dakar awa 5 ne ko 4. Duk shekara sai na tashi Hajiyarmu daga barci aƙalla sau ɗaya, ta ɗaga a firgice tana tambaya ko lafiya. Me zai hana, kafin in danna kira, a rubuta mini a ƙarƙashin sunanta cewa yanzu ƙarfe 1 na dare ne a wurinta?

Apple ya saba nuna sabon iOS a watan Yuni, ya sake shi a Satumba. Da zarar zubin gwaji ya fito, na yi wa Baba alƙawari zan koma rumfarsa mu gwada tare. Za mu sa a kira shi daga Maraɗi da baƙuwar lamba, a gaban kyamara, mu ga ko za ta yi ƙara. Kafin nan, duk wanda ke da iyaye a gida kuma ya kunna tace kira, ya adana lambobin maƙwabta biyu ko uku a wayarsa yau ɗin nan. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, in Allah ya kai mu.