Me Ya Sa Benen Oklahoma Ya Rufta?

Ranar 19 ga Afrilu, 1995, wani bom da aka ɗana cikin motar ɗaukar kaya ya tashi a gaban ginin gwamnati na Alfred P. Murrah, mai hawa tara, a birnin Oklahoma na Amurka. Mutum 168 suka rasu. Abin da ya ɗaure wa injiniyoyi kai shi ne, ɓangaren da bom ɗin ya farfasa da kansa kaɗan ne, amma kusan rabin ginin ya zube.

Kankare gwani ne wajen jure danniya, sai dai rago ne idan aka ja shi, domin ƙarfinsa a nan bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Shi ya sa ake saka masa rodi. To, amma magini yana jera rodin ne inda ya san nauyi zai ja, wato daga sama zuwa ƙasa. Fashewa kuwa ba ruwanta da wannan lissafi. Iskar da take turowa ta fi sauti gudu, kuma cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba sai ta kutsa ta tagogi, ta bankaɗa daɓen bene sama, ta fuskar da ba a shirya masa ba.

A Oklahoma akwai wani rauni kuma. Don a sami fili a ƙofar shiga, an ɗora ginshiƙan saman ginin bisa wani ƙaton bim a hawa na uku, shi kuma ginshiƙai ƙalilan ne ke tallafe da shi. Motar ta tsaya ne kimanin mita 5 daga ɗayansu. Da wannan ya ragargaje, biyu na kusa da shi suka karye, sai bim ɗin ya faɗi, benayen sama suka biyo shi, kowane yana murƙushe na ƙasa.

Rahoton binciken da ya fito a 1996 ya nuna cewa da an ɗaure rodin irin yadda ake yi a yankunan girgizar ƙasa, wato zobba kusa-kusa a jikin ginshiƙi da rodi mai zarcewa ba yankewa a mahaɗa, da ɓarnar ta ragu ƙwarai. Irin wannan gini yana lanƙwasa kafin ya karye, nauyin kuma ya sami wata hanyar sauka ƙasa.

Tazara ma kariya ce, don ƙarfin fashewa yana raguwa da sauri in an yi nisa. Dalili ke nan da ake kafa shingayen kankare a hana motoci matsowa jikin manyan ofisoshi.